Wai da gaske Kerrigan ce ta dawo ta ɗauki Raynor a ƙarshen StarCraft II?

ɗan_kofar_kaura:
Salam 'yan uwa. Jiya da dare na gama Legacy of the Void, kashi na ƙarshe na labarin gem ɗin StarCraft II, har da mishan ukun nan na ƙarshe, wallahi abin ya tsaya mani a rai. Kerrigan, masoyiyar jarumin nan Jim Raynor, ta amshi ƙarfin Ouros, ɗaya daga cikin Xel'naga (tsofaffin halittu masu shuka rai a duniyoyi), ita ma ta zama Xel'naga ta gama da Amon, babban mugun labarin, sai kawai aka ce bayan shekara 2 ga Raynor zaune shi kaɗai a mashayar nan ta duniyar Mar Sara, ƙofa ta buɗe ta shigo da siffarta ta mutum, ya aje bajonshi ya bi ta, ba a ƙara jin ɗuriyarshi ba. To ita ce da gaske ko mutuwa ya yi? Mi kuka gani?

sarkin_gem_kt:
Ni dai mutuwa ya yi malam. Duba kayan da ke jikinta mana, kayan Ghost ne (sojan sirri) da jan gashinta, yadda ya santa kafin Mengsk, shugabansu na lokacin, ya watsar da ita a duniyar Tarsonis dodannin Zerg suka kwashe ta. Mutumin da tun farkon Wings of Liberty, kashi na farko, a 2010 yana wannan mashayar yana kallon hotonta, wa zai gani lokacin fitar rai in ba ita ba?

yar_daura:
A'a yayana ban yarda ba. In mutuwa ya yi ina gawar? Bajo kaɗai aka tarar fa. Kuma ka manta Ouros da siffar Tassadar, jarumin jinsin Protoss da ya riga ya mutu, ya riƙa fito ma Zeratul, wani jarumin nasu, ke nan Xel'naga na iya ɗaukar siffar da suka ga dama, ita kuma ta zaɓi wadda Jim ya sani don ta san zai gane ta nan take. Sannan rubutun ƙarshe ya ce rai ya fara tsirowa a duniyoyin da suka mutu a yankin Koprulu inda labarin ke faruwa, wannan ai aikin Xel'naga ne, ni a ganina su biyun ne ke zagayawa tare tana gyara ɓarnar da ta yi.

baban_hanif:
Ƙanwata hujjarki ta Tassadar ta yi ƙarfi gaskiya. Amma ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya daban ne, a Brood War, ci gaban StarCraft na farko, ita ta ci amana ta kashe Fenix da Duke da suka yi ƙawance da ita, Raynor da bakinshi ya rantse shi zai kashe ta, haba a ce duk wannan jinin ya tafi a banza don ta kashe Mengsk a Heart of the Swarm, kashi na biyu? Fenix abokinshi ne fa. Blizzard, masu gem ɗin, kuma tun 2020 suka ce sun daina ƙaro sabbin abubuwa, balle su warware mana.

ɗan_kofar_kaura:
Na fi karkata wajen yar_daura. Yallaɓai baban_hanif ban taɓa buga Brood War ba, in fara da StarCraft na farko na 1998 ɗin tukuna ko zan gane labarin haka nan?