Me ya sa 한 ke zama ɗaya a nan, uku a can?

Sabon ɗalibi:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar kwamfuta ku taimaka min. Ina koyon Python kuma ina ɗan taɓa yaren Koriya a gefe, sai wani abokina da ke karatu a Seoul ya turo min fayil na kalmomi. Na sa len() ya ƙirga min 한, wanda na rubuta da kaina ya ba ni 1, na cikin fayil ɗinsa kuma ya ba ni 3, alhali a ido iri ɗaya ne sak, kuma in na kwatanta su da == sai ya ce False. Wallahi tun jiya abin ke cin raina.

Malamin lissafi:
Wslm ƙanena, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da kake gani ai gaɓa ce, haruffa uku aka cusa a gida ɗaya, ㅎ da ㅏ da ㄴ, wato h-a-n. Haka Hangul, wato rubutun Koriya, yake tun da Sarki Sejong ya fito da shi a 1443, ana tara haruffan ne gaɓa-gaɓa. To Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ba da hanya biyu, ko ka ajiye gaɓar a dunƙule da lamba ɗaya U+D55C, ko ka ajiye ta a warware U+1112, U+1161, U+11AB sai manhajar da ke nuna rubutun ta haɗa su a fuskar allo. Naka dunƙulalle ne, na abokinka wararre, wasu kwamfutocin haka suke ajiye sunan fayil. Ka gwada unicodedata.normalize("NFC", kalma) kafin ka kwatanta, shi zai dunƙule wararrun.

Abin da ke burge ni ma shi ne ba a jera lambobin nan da ka ba. Baƙaƙen farko 19, wasula 21, na ƙarshe 27 sai a ƙara gurbin "babu" su zama 28, ka ninka su za ka samu 11,172, daga U+AC00 har U+D7A3. ㅎ shi ne na 18 in ka fara ƙirge daga sifiri, ㅏ sifiri, ㄴ na ƙarshe kuma 4, sai ka yi 44032 + 18×588 + 0×28 + 4 ya ba ka 54620, shi ne D55C ɗin a ƙirgen sha shida-sha shida (44032 shi ne AC00, 588 kuma 21×28 ne). Ka zauna da biro ka gwada da wata gaɓar, za ka ji daɗinsa.

Yar Zariya:
Malam ya gama magana, ni dai ƙarin da zan yi, kar ka rikita wannan ukun da ukun bayit, wato ma'aunin girman abin da kwamfuta ke ajiyewa. A tsarin ajiye rubutu na UTF-8 dunƙulallen 한 bayit 3 yake ci, ED 95 9C, wararren kuma 9. Namu ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu ne, shi ya sa in aka buɗe su da tsarin da ba nasu ba suke komawa wasu alamomi marasa kan gado. Su ma Koriyawa sun sha wannan, tsohon tsarinsu EUC-KR gaɓa 2,350 kawai ya ɗauka, in fayil tsoho ne ka fara duba nan.

Sabon ɗalibi:
Allah ya saka da alheri Malam, Anti na gode sosai, NFC ya yi aiki yanzu True yake ba ni. Amma da na buga ㅎ shi kaɗai a kibod lambarsa U+314E ta fito ba 1112 ba, ya aka yi?

Malamin lissafi:
Wannan na wani rukuni ne daban da aka ajiye don dacewa da tsofaffin tsarukan Koriya, shi ake amfani da shi in harafi zai tsaya shi kaɗai, kuma NFC ba ya haɗa irinsu su zama gaɓa ko ka jera su.