Jirginmu zai tsaya a La Digue wuni ɗaya, keke za mu hau ko bakin teku za mu zauna?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa Seychelles ya ba ni shawara. Ni da madam za mu shiga irin katon jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, cikin wuraren da zai tsaya har da wani ɗan tsibiri wai shi La Digue, a sauke mu da safe a kwashe mu kafin magariba. Masu jirgin sai tallata mana nasu yawon suke amma kuɗin wlh ba dama, da dala suke magana. Wani ya ce min kar in biya, hayar keke kawai za mu yi. Toh ni rabona da keke tun ina sakandare, madam ma ta iya amma tun tana yarinya a Kumo, kuma ta ce ba za ta cire abaya ba. Zai yiwu kuwa?

Baban Wunti:
Wa alaikumus salam ango. Ka riƙe dalarka, keke shine motar garin nan, tsibirin duka duka bai wuce murabba'in kilomita 10 ba, motoci kaɗan ne, a da ma amalanken shanu ne tasi ɗinsu. Katon jirgin ba ya matsowa gaɓa, can cikin ruwa yake tsayawa sai a riƙa jido ku da ƙananan jirage zuwa La Passe, garin da tashar jiragen tsibirin take, kuna fitowa za ka ga masu hayar keke jere a bakin hanya, kowane keke da kwando a bayansa na zuba kaya. Kar ka karɓi wanda aka fara miƙo maka. Matsa birki gaba da baya, duba sarƙa domin iskar teku tana cin ƙarfe, ka sa a sauke wa madam sirdi yadda ƙafarta za ta taɓa ƙasa, sannan ka ɗau hoton keken a waya saboda in ka ajiye shi cikin ɗaruruwan 'yan uwansa ba za ka gane naka ba.

Abin da zai fi rikita ka shine hannun hagu suke bi, irin yadda Najeriya take kafin 1972, a kwana ne mutum yake mantawa ya koma dama.

Daga nan ku yi kudu, hanya shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara, kaman minti 15 kun isa L'Union Estate. Tsohuwar gonar kwakwa ce da banila, ana biyan kuɗin shiga, lokacin da na je rupi 150 ne na kuɗin ƙasar kowane mutum, kuma ta cikinta ake bi a je Anse Source d'Argent, wannan bakin tekun mai manyan duwatsu da kake gani a hotuna. Akwai manyan kunkuru a gonar, wani in ya miƙo wuya ya kai maka cinya. Ruwan wurin a kwance yake saboda duwatsun murjani sun tare igiyar ruwa daga nesa, wanda bai iya iyo ba ma zai shiga. Sai dai in ruwa ya janye ka yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba, ga ɓaraguzan murjani na sukar ƙafa, ku tafi da takalmin roba.

Maman Hanif:
Ka gaya wa amarya maganar abaya ta yi haƙuri, ba cewa nake ta cire sutura ba amma doguwar abaya da sarƙar keke ba sa shiri, tana naɗewa sai dai mutum ya ji shi a ƙasa. Ta sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi wanda iska ba za ta ɗaga ba, abayar a ninke a kwando in an sauka ta ɗora. Kuma ta shirya ganin Turawa kusan tsirara, ba mai kallonta ba mai ce mata komai, in cunkoso ya dame ku ku ci gaba da bin ɗan lungun da ke tsakanin duwatsun, can ciki mutane sun fi ƙaranci ga inuwa. Ruwan sha da yawa dan Allah, zafin can mai gumi ne.

Injiniya Bajoga:
Ni ban ga wanda ya yi maganar fasfo ba. A 2023 Seychelles ta takura wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, saboda haka ka sa masu jirgin su rubuto maka a rubuce cewa za a bar ku ku sauka, kar ka tsaya kan maganar baki ta ejan.

Na biyu, za ka ji ana zuga ka ka je bakin tekun Grand Anse a ɗaya gefen tsibirin. Wurin yana da kyau ba ƙarya amma sai an haye tudu, mutanen da suke hawa keke kullum ma tura keken suke, kuma ruwan can ba Wikki na Yankari ba ne da za ka faɗa ka yi ta wasa, igiyarsa tana jan mutum ciki musamman daga Mayu zuwa Oktoba, har alluna aka kafa na gargaɗi. Da mutumin da rabonsa da keke tun sakandare da mace mai koyo, ni ban ba da shawara ba. In lokaci ya ragu gara ku yi arewa zuwa bakin tekun Anse Severe, kusa take da inda za a kwashe ku. Kuma ka sani in da kanka ka fita yawo jirgi ba ya jiranka, waɗanda suka biya nasu yawon ne ake jira, ka rubuta lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe ka dawo da sauran awa guda.

Ɗan Jekadafari:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya wlh maganar fasfon nan ta tayar min da hankali, gobe zan tura musu imel. Grand Anse kam na yafe. Saura abinci da sallah, ya kuka yi?

Baban Wunti:
Kifi ka riƙe, gasasshe da shinkafa, akwai ƙananan shaguna da suke zubawa a roba kuma sun fi gidajen abincin bakin teku sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ka tambaya kafin ka nuna miya da yatsa, suna cin alade, kuma a ƙasar har miyar jemage ake yi. Suna jin Turanci ba matsala. Sallah kuwa matafiyi ne kai, ka haɗa azahar da la'asar ka yi ƙasaru, ka tafi da ƙaramar sallaya da gorar ruwan alwala. Kar ka fuskanci gabas yadda ka saba a Gombe, daga can alƙibla arewa maso yamma take, ka duba a waya tun kana cikin jirgi da sauran intanet.

Maman Hanif:
Jemage kuma?? Baban Wunti kai dai faɗa mana gaskiya, ka ɗanɗana ko ba ka ɗanɗana ba.