Wa Ke Mayar Da Su Asibiti Bayan Sallama?

Sista mai jinya: Ni dai na tsaya a kan bakana: yawancin masu taɓin hankali da ke komawa asibiti, 'yan uwa ne sila. Da an ga mutum ya fara barci yana gaisawa da jama'a, sai a ce ya warke, a jefa ƙwayoyin saman kwaba. Bayan wata biyu a kawo mana shi ɗaure a a-daidaita.

Mai shago: Sista, a yi adalci. Ƙanena muke jinya. Maganin da aka ba shi, Haloperidol, ya sandarar masa da wuya, yawu na zuba, hannu na rawa, yaran layi na binsa da ido. Ke za ki ci gaba da sha?

Sista mai jinya: Malam, ai don haka ake haɗawa da Artane, ƙwayar da ke rage sandarewa da rawar jikin. Da kun dawo kun faɗa, da likita ya rage ko ya canza.

Mai shago: Dawowar ce aiki. Kuɗin motar mutum biyu daga ƙauye, ga na magani, ga shago a rufe wuni guda.

Hajiya: Ku biyun kun tsallake gida. Yaro ya dawo, an fasa aurensa, ubangidansa ya ɗauki wani, ko tari ya yi sai a ce "abin ya motsa". Masu yi masa fara'a su ne abokan wiwi da Tramadol.

Ɗalibin likitanci: Hajiya ta taɓo wajen. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a nan Arewa suna Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, wa zai bi majiyyaci har ƙauye? An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta kai allura gida.

Baba Liman: 'Ya'yana, kada a ɗora wa ruƙiyya laifin barin magani. Ni kan ce a yi addu'a a kuma sha magani. Masu cewa a zubar da ƙwaya tukuna, su ne matsalar.

Sista mai jinya: Allah ya ƙara girma, Baba. Malam, ranar komawarku ka tambayi likita ko allurar wata-wata irin Modecate za ta dace da shi. Sai dai ita ma takan sandarar da jiki, kada ku ɓoye.

Mai shago: Ana yin ta a asibitin ƙaramar hukuma, ko ita ma sai birni?