Jogirafi: labarin ƙasa za mu ci gaba da cewa, ko akwai sunan da ya fi shi?

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma shekaranjiya wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta yi mini tambayar da na kwana da ita. Na rubuta jogirafi a allo, na ce musu da Hausa labarin ƙasa ake cewa. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba labarin ƙasa ne ake karantawa a rediyo kafin labarin duniya ba?" Yarinyar da gaske take, kuma ba ta faɗi ba daidai ba. A kunnen yaron yau labari shi ne abin da ya faru jiya, ƙasa kuwa Nijeriya ce.

Ga abin da nake son sunan ya ɗauka. Wannan fanni tambaya uku yake yi a kan kowane abu da ke doron ƙasa: ina yake, me ya sa yake can ba a wani wuri ba, kuma ina ruwan mutane da zamansa a can. Me ya sa shinkafa take a fadamar Argungu da Suru, gero kuma yake a tudun Arewa da Dandi? Me ya sa damina ta fi tsawo a Zuru fiye da Kangiwa, alhali jiha ɗaya ce? Akwai ɓangaren da ke duba halitta, wato duwatsu da gulabe da iska da ruwan sama, akwai kuma wanda ke duba mutane da garuruwansu da kasuwanninsu da ƙaurarsu. Taswira ce babban kayan aikinsa. Na ji ana cewa ilimin ƙasa, nazarin ƙasa, kimiyyar ƙasa. Wanne za mu riƙe? Don Allah masana a taimaka.

Wani malamin Islamiyya daga Gwandu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina ba sai mun sha wahala ba. Larabawa da suka tarar da kalmar a littattafan Girkawa sun lanƙwasa ta suka ce jugrafiya. A asalinta guda biyu ce aka haɗa, ɗaya ƙasa, ɗaya rubutawa ko siffantawa. Kuma sun yi aiki da ita sosai: Idrisi ya gama babban littafinsa da taswirarsa a 1154 a tsibirin Sisili. Tunda mun ari taswira daga Larabci ba wanda ya yi ƙorafi, mu ari jugrafiya ma mu huta.

Wata malamar firamare daga Jega:
Allah ya gafarta Malam, taswira ta zauna a bakin mutane ne saboda abu ce da ake gani a riƙe a hannu. Jugrafiya kuwa in na faɗa wa ɗan aji uku sai na sake yi masa bayani, to ina amfanin baɗi ba rai? Ni ilimin ƙasa nake cewa. Amma in faɗi gaskiya, ranar da na fara faɗa, wani yaro ya ɗauka za a koya musu bambancin laka da rairayi da jangargari ne, don babansa magini ne.

Ni kuma:
Hajiya, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ilimin ƙasa da kimiyyar ƙasa duk suna jan hankali zuwa ƙasar da ake haƙa. Akwai kuwa fanni daban mai wannan aikin, na masu binciken duwatsu da ma'adinai, irin waɗanda za su gaya maka dalilin da ya sa ake samun zinariya a Anka da Maru. In muka ba jogirafi wannan suna, su da me za mu kira su? Gara mu bar musu kimiyyar ƙasa tun yanzu.

Wani dattijo, tsohon hedimasta daga Argungu:
Ɗana, ku yi a hankali. Mu dai labarin ƙasa munka iske, da shi anka koya muna, da shi munka koyar. Wanga suna ba jiya anka raɗa shi ba. Kuma labari ga Bahaushe ba abin rediyo ba ne kaɗai. In baƙo ya sauka aka ce mai ina labari, ya ce sai alheri. In fatake sun dawo Gwanja, mi ake tambayarsu? Labarin hanya: ina ruwa, ina mashaya, wane gulbi ake ƙetarewa da ƙafa, wane sai da jirgi, mutanen can mi suke ci, mi suke saye. To mi ya rage cikin abin da kake koyarwa? Rediyo ta zo ta iske kalmar, ba ita ta haife ta ba.

Ni kuma:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta sa na koma na duba abin da magabatanmu suka yi, sai na ga haka suka ɗauki abin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, bai shiga tarihin jihadi ba sai da ya fara zayyana ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, su Wadai da Bagarmi da Barno da Ahir da ƙasar Hausa, da mutanen da ke cikinsu. Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, an ba shi taswirar da ke nuna yadda Kwara take bi, a lokacin da Turawa ke ta musu a kan inda gulbin yake ƙarewa. Ke nan fannin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, sunan Turancin ne baƙo.

Wani ɗalibin jami'a ɗan Yawuri:
Malam, ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya. Tsorona da kalmar labari shi ne kada a ɗauka zance ne kawai babu awo. Fannin nan da lissafi ya fara. Iratostinis, wanda ake danganta sunan jogirafi gare shi, shugaban ɗakin karatu ne a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya ji cewa a Aswan akwai ranar da inuwa ke ɓacewa da tsakar rana, alhali a Iskandariyya a wannan ranar sanda tana da 'yar inuwa. Ya auna karkatar, ya ga kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50 ya fitar da kewayen duniya. Yau mun san kusan kilomita 40,000 ne. Wannan ai ya wuce labari.

Ni kuma:
Ƙanena, ka yi magana, kuma wannan awon nakan sa ɗalibai su gwada shi. A Birnin Kebbi sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai bisa kai, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Mukan kafa taɓarya a tsakar fili da rana tsaka, su zagaye ta suna neman inuwa su rasa. Malamanmu na zaure da suke ƙirga tafin ƙafa a inuwa don gane zawali ai sun san wannan tun da daɗewa.

Amma bari in ba ka misali daga garinku. Tambayi duk wani Basarke mai kamun kifi a bakin Kwara, zai gaya maka ruwa sau biyu yake zuwa. Na farko da damina, mai laka, fari-fari, wanda ruwan samanmu ne da na su Gulbin Kebbi da Gulbin Ka. Na biyu kuma yakan iso da sanyin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba a yi, tatacce mai duhu. Daga ina? Daga tsaunukan Gini, inda gulbin ya faro tafiyarsa ta kusan kilomita 4,200. Ruwan daminar can ne yake shiga makekiyar fadamar Mali ya baje, ya ajiye lakarsa, ya yi watanni yana jan jiki, ya biyo ta Tambutu da Gao da Yamai kafin ya shigo mana. Masu kula da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da awon waɗannan ruwaye biyu suke tsara aikinsu. Awon yana nan, lambobi suna nan, amma ba ka fahimci abin ba sai ka iya jero shi tun daga Gini har Yawuri, wannan ya jawo wannan. Mai kamun kifi ya san lokacin, injiniya ya san yawan, wanda ya karanta fanninmu shi ne zai haɗa su ya ba da labarin. Shi ya sa na daina jin nauyin kalmar.

Harshen damon da ke cikin kalmar ƙasa ma, wanda da nake gani aibi ne, yanzu ina ganin riba ce. Ƙasar noma, ƙasar Kabi, ƙasar Nijeriya, ƙasa da ke ƙarƙashin sama, duk huɗun fannin yana taɓa su, kuma ban san wata kalma guda da ta tattara su haka ba.

Malamar Jega ta dawo:
Na yarda Malam, da sharaɗi. A riƙa sa ilimi a gaba in ana nufin darasin, a ce ilimin labarin ƙasa, don yaro ya san ba na rediyo ba ne. Rassan fa?

Ni kuma:
Na karɓi sharaɗin, Hajiya. Ilimin labarin ƙasa a rubuce da kan jarrabawa, labarin ƙasa a baki. Mai sana'ar kuma masanin labarin ƙasa. Rassan biyu ina ganin labarin ƙasa na halitta da labarin ƙasa na jama'a sun wadatar, sai in wani yana da gyara. Malam na Gwandu, jugrafiya ba mu kore ta ba, tana nan ga masu karatun Larabci, yadda jogirafi zai ci gaba da yawo a bakin 'yan boko.

Ranar Litinin haka zan rubuta a allo, kuma da ruwan Yawuri zan buɗe darasin. Saura layukan nan da ake ja a jikin taswira, na kwance da na tsaye, waɗanda ake gane mazaunin gari da su. Ni layin gicciye da layin tsaye nake ce musu a aji, amma ban gamsu ba. Baba na Argungu, a zamaninku yaya kuke kiransu?