Ranar farko da kuka haɗa faiflayin, me ya fara cizon ku?

Mai_Laravel: Salamu alaikum jama'a. Shekara biyu kenan ina ɗora aikin wani shago da FileZilla, in gama gyara in ja fayiloli in zuba a saba, ranar da na manta guda ɗaya shafin ya yi fari fat sai kiran mai shago ya tashe ni. Yanzu mun zama mu uku a kan kod ɗin, jiya ma na danne gyaran abokina ban sani ba. So nake in haɗa faiflayin da GitHub Actions, wato tsarin da zai riƙa haɗa manhajar, ya gwada, ya tura da kanshi. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana abin da ya same shi, na cikin takardu kam na karanta.

Dan_Sabongari: Wa alaikumus salam. Ni kwana biyu na yi ina kallon jar alamar da ke nuna aikin ya faɗi, a laftof ɗina komai lafiya lau, da na tura sai ya ce bai ga fayil ba. Ashe fayil ɗin Header ne da babban harafi, ni kuma na kira shi header. Windows ba ruwanta da wannan, amma injin GitHub ɗin Ubuntu ne, wato Linux, a wajen Linux kuwa suna biyu ne daban. Abin haushi ko da na canza sunan Git, mai ajiye tarihin kod, bai lura ba sai da na yi git mv. Wlh har na fara zargin intanet ɗina.

Ummu_Flutter: Hhh kai naka da sauƙi. Ni mintuna na ƙone. GitHub na ba da minti 2,000 kyauta duk wata in rifo ɗinka, wato ma'ajiyar kod ɗinka, na sirri ne, na ce ai wannan ya ishe ni har da kyauta, na sa duk turawa sai an haɗa Android da iOS. Ban san minti ɗaya a injin macOS goma ake lissafa min ba, haɗin iOS kuma yana cin wajen minti ashirin, wato turawa goma kawai an cinye rabona, kuma ni mai tura gyaran waƙafi ce. Kafin sati ya zagayo komai ya tsaya cak. Yanzu gwaji kawai ke tashi a kan Linux duk turawa, iOS sai na sa tag, wato alamar sabuwar fitarwa, kuma na sa kash don kar ya riƙa sauke fakej daga farko kullum. Ƙanina ka duba wannan tun kafin ka fara.

Dan_Sabongari: Anti ai gara ke kin san inda kuɗin suka tafi 😂

Bakatsine: YAML, tsarin rubutun da ake saita faiflayin ɗin da shi. Shi kenan labarina. Tazara biyu ta zama uku, ko ka danna tab, ya ƙi tashi gaba ɗaya. Tarihin rifo ɗina na ranar abin kunya ne, "gyara", "gyara kuma", "Allah sa wannan ya yi". Sannan agogon su UTC ne, na saita aikin sha biyun dare ya riƙa tashi ƙarfe ɗaya, tunda mu muna gaba da awa ɗaya.

Tsohon_Jenkins: Yara kun samu duniya. Mu da Jenkins, tsohuwar manhajar wannan aikin, muka fara, ba da daɗewa ba bayan ya rabu da Hudson a 2011, a kan wata tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin teburin ofis. Wata Alhamis da yamma ana tsakiyar kwafe fayiloli zuwa saba aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗin ya daɗe da mutuwa ba wanda ya kula, janareta kuma sai an nemo mai gadi. Rabin shafin sabon kod, rabi tsoho, mutane na shiga suna ganin shirme har bayan isha'i. Laifinmu ne, muna zubawa kai tsaye a kan folda mai aiki. Daga ranar kowane sabon zubi foldarsa daban, sai ya kammala tsaf sannan a juya symlink, wato manunin foldar da ke aiki, ya nuna shi, in ya ba da matsala a mayar kan na jiya cikin daƙiƙa. Kuma kar ku raina rabin turawa. Knight Capital a Amurka, 1 ga Agusta 2012, saba takwas gare su aka sa sabon kod a bakwai aka manta ɗaya, cikin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440. Mu dai kunya kawai muka sha.

Yar_Damagaram: Baba wannan ya tsorata ni gsky. Nawa kuma fayil ɗin .env, mai ɗauke da kalmomin sirri, na tura cikin rifo don gwaji ya samu kalmar sirrin databes, da oga ya gani na yi maza na goge na ce ai shi kenan, ya ce ina, yana nan cikin tarihin Git, duk mai rifo ɗin a hannu zai iya tono shi. Daren nan muka canza makullai duka. Akwai wurin Secrets a saitin rifo, nan ake ajiye su.

Bakatsine: Wani abu kuma, kar koren alama ya ruɗe ku. Wata uku namu na kore muna ta murna, ashe gwaji biyu ne kacal a ciki kuma ɗayan ba abin da yake dubawa.

Mai_Laravel: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba to maganar sauya teburan databes fa, in bar shi ya yi php artisan migrate da kanshi ko in riƙa yi da hannu? Nan ne gabana ke faɗuwa, don kod ana mayar da shi amma kolom ɗin da aka goge ya tafi da bayanan mutane.

Tsohon_Jenkins: Bar shi ya yi, amma matakin da ke gabansa ya zama mysqldump, wato ɗaukar kwafin databes ɗin, in kwafin bai fita ba komai ya tsaya nan. Kuma kar ka goge kolom a zubin da ka daina amfani da shi, bari sai na gaba. Ka fara da sabar gwaji tukuna, ta mai shago kuwa sai ka danna da hannunka.

Mai_Laravel: To Baba. Sabar gwajin ma ba ni da ita, bari in fara kama ƙaramar VPS, wato sabar haya, yau da daddare in wuta ta dawo.