Tsabtar ruwan rijiya da foraj a Damagaram: abin da muhawara ta tattara

Jama'a, magana ta yi tsawo kan ma'aunin tsabtar ruwan rijiya da foraj, awonsa da wanda zai biya, ga inda aka haɗu da inda aka rabu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ma'aikatar magajin gari ba ta da buƙatar ƙirƙiro ma'auninta. Akwai dokar ruwa ta ƙasa ta 2010, ga kuma na hukumar lafiya ta duniya: fuloride kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, nitirat 50 (sinadarai ne da ke cutarwa in sun yi yawa a ruwa). Tsadar tana wajen awo: na'ura, magungunan gwaji, mai na mota, albashin ma'aikaci.

2. Wa zai biya? Nan aka rabu. Wasu sun ce a ɗora wa masu foraj da ke sayar da ruwa. Wasu suka ce a'a, mai foraj zai ƙara wa ɗan garuwa, shi kuma ya ƙara kuɗin bido, talakan unguwannin Garin Malam da Kara-Kara ne zai ji a jikinsa. A ganina wannan hujja ta fi ƙarfi, tunda gari na kan dutse, famfo na jiran ruwan da ake turowa daga wajen gari, daga Gogo-Machaya, Arungouza da Ganaram, lokacin zafi kuwa garuwa ce madogara.

3. Masu son awo ko da tsada sun tuna da Tibiri ta Maraɗi, inda fuloride ya lanƙwasa ƙasusuwan yara.

4. Hanya mai araha ta kare ruwa: nisanta masai da rijiya, rufe bakinta, zuba jabel.

5. Haɗa kuɗi tsakanin kwaminoni don ɗakin awo guda, ba a tsayar da magana ba.