Shawarwarin da aka ba ƙanena kafin ya bi mawaƙansa har Legas

Daren Juma'a a majalisar shayinmu ta unguwar Nima a Accra, babban birnin Gana, ƙanena ya faɗi niyyarsa: ƙungiyar mawaƙan da yake matuƙar ƙauna za ta yi wasa a Lome, Kwatano da Legas, kuma yana so ya bi su ta mota. Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka san hanya.

Kawu, da ya shekara yana fatauci a hanyar, ya fi tsayawa kan takardu. Ɗan Gana ba ya buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS har kwana 90, amma fasfo da katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, su ake nema a iyakar Aflao (shiga Togo), da Hilakonji (shiga Benin), da Seme (shiga Najeriya). "Yaro, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ɓoye kwafi daban, kuma ka tsallaka iyaka da rana," in ji shi.

Batun kuɗi bai ja lokaci ba. Togo da Benin sefa ɗaya suke kashewa, Najeriya kuma naira. A riƙa canza sidi, kuɗin Gana, kaɗan-kaɗan, kada a tara duka a aljihu guda.

Kan tikiti aka yi gardama. Wasu sun ce a saya a ƙofa. Ni dai ina bayan Yaya, da ta ce ya saya tun daga gida a shafin mawaƙan, ya kuma tabbatar da ranar kafin ya biya masauki, don akan ɗage wasa bagatatan.

A Legas kuwa, Kawu zai haɗa shi da wani tsohon amininsa cikin Hausawan Agege.